Shafin Uwar Ɗan Fari

Ni dai ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba, ko da wasa. A nan Adar wannan ba abin mamaki ba ne, haka munka tashi munka iske. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zama ta yi hira da shi. In magana ta kama dole, sai ta kau da kai ta faɗa wa wanda ke kusa, shi kuma ya isar, ko da yaron yana tsaye yana ji. Kunya ke nan. Da na yaye shi anka kai shi wajen mahaifiyata a nan Buza, ita ta goya shi, ita yake ce wa Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, yadda ƙannena ke faɗi, don cikinsu ya girma.

Koyarwa na yi a lakwal, wato makarantar boko, har na tsufa, ƙauye-ƙauye, daga gefen Azarori zuwa ƙasar Keita, duk inda anka jefa ni. Wata shekara anka maido ni Buza, sai ga shi cikin ajina. Tabɗi! Ranar farko ina kiran suna, da na zo kansa sai na yi tari na tsallake. Yara sunka ƙunshe dariya, sun san dalili. Amma a shekarar nan na samu dabara. In ina son in hana shi bin tabki da damina, sai in tsaya gaban tablo, babban allon aji, in yi wa aji duka faɗa a kan tabki, in yi ta yi har muryata ta dushe. Aji guda cur ya sha zagi saboda mutum ɗaya. A duk rayuwata shekarar nan ce na fi yi masa magana, kuma ban tabbata ya san da shi nake ba.

Bai gama kwaleji ba ya bi samarin gari zuwa bida, wato neman abin kai a ƙasashen waje, yadda kusan kowane namiji a nan ke yi. Abijan ya nufa. Ya yi dako, ya yi tebur, har Allah ya ba shi ɗan shago. Can ya yi aure, can anka haifa masa yara, ni sai a hoto na san su. Amma muddin Inna tana da rai, bai taɓa daɗewa bai zo ba. Gab da damina sai ka ji sallamarsa, ya sauka ɗakinta, su raba hantsi suna hira suna dariya. Ni ina bakin murhu, na juya musu baya, ina kwashe komai da kunne. Wannan ya ishe ni a lokacin, wallahi ya ishe ni.

Sai abubuwa sunka riƙa zuwa bi da bi. Maigidana ya rasu. Na aje aiki na koma gidan Inna ina jinyarta. Autata, ɗiya mace, ta yi aure a Tamaske. Sannan Inna ma ta tafi. Ya zo gaisuwa, ya yi kwanakin da ake yi, ya koma. Daga nan damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, shiru. Yakan kira ƙanwarsa a Tamaske, ita kuma ta kira ni ta ce, "Mama, mutumin Abijan ya ce a gaishe ki." In ce ina amsawa. Shi ke nan duk abin da ya rage tsakanina da ɗan da na haifa.

Gidan kuwa ya yi mini faɗi. Ɗakuna a rufe, zaure ba kowa, rumbu guda, iccen bedi guda a tsakar gida, sai ni da akuya. Tuwon mutum ɗaya ma wulaƙanci ne, ka hura wuta ka ɗora tukunya don abin da bai cika ludayi uku ba. Sau da yawa sai in sha hura in kwanta.

Wata rana autar ta zo mini kwana biyu. Muna sussuka sai na jefa tambaya sama, kamar ba ta dame ni ba. Na ce, "Su mutanen Abijan bana ma ba su da niyyar damina?"

Yarinyar nan ba ta iya ɓoye magana ba, bakin babanta ta ɗauko. Ta ce, "Mama, na tambaye shi. Cewa ya yi mi za shi zo yi? Wadda shike zuwa dominta ta riga mu gidan gaskiya."

Na aje taɓarya. Na ji maganar har cikin haƙarƙarina. Wato ni ba kowa ba ce, ni da na yi naƙudarsa har anka fid da rai da ni. Na fara masifa, na ce ɗan yau ba shi da hankali, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ta bar ni na gama sannan ta ce, "To ke kin taɓa ce mishi kina son shi zo? Ga lamba, kira shi."

Na ce, "Ke, ki kiyaye ni! Da girmana?"

Amma bayan ta tafi na gwada. Na danna lambar, ta shiga, na ji muryarsa yana cewa alo, alo, ga ƙarar motoci a bayansa. Na waiga ina neman wanda zan miƙa wa salular kamar yadda na saba, ba kowa sai akuya tana tuƙa. Na kashe. Da ƙanwarsa ta tambaya na ce kuskure ne, hannuna ya taɓa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan: yaron nan ya yarda har zuciyarsa cewa ba na marmarin ganinsa. Kuma ga shekaru suna ja. In na mutu a haka, da wannan zai zauna har nasa tsufan.

A rediyo na fara jin kalmar bulog. Wata mata ce ake hira da ita, ta ce shafi ne mutum ke buɗewa a intanet, ya riƙa rubuta abin da ya ga dama, duk wanda ke da salula a duniya yana iya karantawa. Ina jin haka na ce, to ai wannan aji ne. Ka tsaya gaba ka yi wa kowa magana, mai kunne ya ji. Zuwan autar na gaba na ce ta buɗe mini.

Ta ce, "Mi za ki rubuta?"

Na ce, "Labarin gari, don 'yan bida su san halin da ake ciki."

Ta kalle ni ta gefen ido, ta yi 'yar dariyar da ta sa na kusa kai mata ludayi. Amma ta buɗe. Ta nuna mini inda ake rubutu, da inda ake dannawa ya tafi, ta sa na haddace kalmar sirri kamar 'yar aji ɗaya. Sannan ta tura adireshin shafin cikin gurup ɗin 'yan Buza da ke waje, inda suke hira a salula. Na san mutumin Abijan yana ciki. Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Rubutuna na farko da Faransanci na yi shi, wai ni madan, malamar lakwal. Na yi bayanin yanayin ƙasa da matsalar zaizaya, da gabatarwa da kammalawa, kai ka ce insifekta zai duba. Na biyu ma haka. Ko kare bai leƙa ba. Da na sake karantawa ni kaina hamma na yi. Sai na ce, yo ni da wa nake wannan? Na koma Hausarmu, yadda muke yinta a bakin rijiya. Na rubuta cewa ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, tsofaffi sun fita da kalme, fartanyar nan tamu, suna shuka tsakanin duwatsu, don samarin duk suna waje.

Rubutu a salula ba wasa ba ne ga mai shekaruna. Yatsu sun saba da alli, in taɓa harafi ɗaya sai maƙwabcinsa ya fito. Ita kuma salular ta rantse Faransanci nake nufi, in rubuta hatsi ta maida mini shi wata kalmar da ban taɓa gani ba. Ranar nan na zage ta tas, har maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga tana tambaya da wa nake faɗa. Tsohuwar Bafillata ce mai saida nono, mijinta ya daɗe da aje yawo ya kama noma a gefen gari, ita ce kaɗai mai shigowa gidana kullum. Da na ce da salula nake, ta riƙe haɓa ta ce, "Madan, kaɗaici ya fara taɓa ki."

Ga kuma rezo, wato layin sadarwar salula. A gidan nan ba ya kamawa sai a gindin rumbu, shi ma sai ya ga dama. In rubuta a ɗaki, in fito in tsaya ina ɗaga hannu sama kamar mai kore shaho daga 'yan tsaki. Wani lokaci kuran, wato lantarki, ya ɗauke tun safe, salula ta mutu ina tsakiyar labari, in kunna daga baya in tarar komai ya tafi. Na koyi rubutu gajere, na koyi ajewa kafin in ci gaba. Na kuma tsayar da rana: kowace Juma'a bayan an sauko. Na san ranar yakan rufe shago ya je masallaci, in ya dawo yana da ɗan sarari.

Akwai wani wuri a shafin da mai shi kaɗai ke gani, inda ake nuna taswirar duniya, ƙasar da anka karanta ka ta yi launi. Na zama mayyar taswirar nan. Da safe in duba, da rana in duba. Kwadibuwa, ƙasar da Abijan take, ta yi launi tun da wuri, gabana ya faɗi. Amma da na natsu sai na ce, ke tsohuwa, 'yan Buza nawa ne a Kwadibuwa? Ko wannensu zai iya zama.

Sannu-sannu mutane sunka fara rubuto mini a ƙarƙashin labarin. Wani daga Libiya ya ce, "Madan, don Allah ruwa ya kai gefen Tamaske?" Wani daga Kamaru ya ce ni na koyar da shi, har yanzu yana tuna bulalata. Wani ya ce don girman Allah in duba masa tsohuwarsa a unguwar marina, in ta ce masa lafiya lau bai yarda ba. Na ɗauki mayafi na je, na iske ta tana tsinkar zogale, na dawo na rubuta masa. Haka na zama 'yar aiken 'ya'yan mutane. Kowa na yi mini addu'a, kowa na ce mini uwa. Ina bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, wanda nake nema babu. Wallahi akwai Juma'ar da na gama karanta godiyarsu na ji haushinsu duka.

Sai wani ruwa mai iska ya kada mini katangar gabas. Ranar Juma'a na rubuta: "Ruwan ga ya kada katangar wani gida a unguwarmu. Gidan ba namiji. Awakin maƙwabta sun samu hanya, mai gidan tana ta fama da su." Ban faɗi gidan wa ba.

Ba a jima ba, ina shara da hantsi, na ji sallama. Magini ne, da igiyar awo a hannu. Ya ce, "Madan, daga Abijan anka kira ni, anka ce in zo in duba katanga."

Na ce, "Wa ya kira ka?"

Ya faɗi sunan ɓaro-ɓaro a tsakar gidana. Na kau da kai, na ce ya je ya duba. Yana juya baya na kira Tamaske na ce, "Ke kinka gaya mishi zancen katanga?" Ta rantse ita ma a shafin ta gani.

Ashe yana karantawa! Na zauna a gindin rumbu da tsintsiya a hannu na yi kuka, na yi dariya, na yi murna har na ji kunyar kaina. Ranar na dafa shinkafa da wake na kai wa magini da ma'aikatansa, sunka yi ta mamakin irin wannan karamci a kan katanga.

Daga nan na shiga yi masa hannunka mai sanda. Na rubuta cewa gonar wata tsohuwa da ta rasu ta cika da ciyawa, wanda ya saba nome ta ya yi nisa. Sai ga 'yan ƙwadago da hauya, wai daga Abijan anka yi musu magana. Na rubuta cewa ƙofar ɗakin tsohuwar ta ƙi buɗuwa, ɗakin yana ta jiran mai shiga. Sai ga mai walda. Na ce to bari in taɓo inda magini ba zai iya ba. Na rubuta cewa magaryar bayan gida ta yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa, wanda ke hawanta yana yaro ba ya nan, ta rasa mai ci. Sai ƙanwarsa ta kira ta ce, "Ya ce a raba ma yaran unguwa, sadaka."

Kai! Na ce wannan wane irin kai ne, dutsen Adar? Ni da na koya masa karatu, ashe ban koya masa ganewa ba. Duk abin da na ce ya lalace sai ya gyara shi daga can, ya aiko hannun wani. Gidana bai taɓa yin kyau irin na shekarar nan ba, katanga sabuwa, ƙofa na sheƙi, gona fes. Ina zaune a tsakiya ni kaɗai. Shi a ganinsa buƙata nake faɗi ta bayan gida, irin ta tsofaffin da ke jin nauyin roƙo, yana kuma sauke hakki. Ban ga laifinsa sosai ba in na huce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuma na ƙi nuna wurin.

Na gaya wa maƙwabciyata. Ta ce, "Ku Hausawa ma kuna da sauƙi. Ni nawa na farin, in munka haɗu a hanya sai in ratse daji." Na ce, "To ba ya damunki?" Ta juya ƙwaryarta ta ce, "Shina damuna mana. Amma wa zan gaya wa?"

Ƙarshen damina masassara ta kada ni. Na ɗauka ta kwana biyu ce, ashe ta zo da shiri. Maƙwabciyata ce ta iske ni ban san inda kaina yake ba, ta kira auta, anka kai ni asibiti anka yi ta ƙarin ruwa. Da na farfaɗo abin da na fara cewa shi ne kar a tada hankalin mutanen nesa. Juma'a ta wuce ba rubutu, wata ta wuce. Anka sallame ni na dawo gida, hannu na rawa, ido na ganin haruffa bibbiyu. Ko taswirar ban iya dubawa.

Ashe ya kira ƙanwarsa ya ce, "Lafiya shafin ya yi shiru?" Ta ce, "'Yar masassara ta yi, amma da sauƙi." To mu nan, ko mutum na shure-shuren mutuwa, in na nesa ya tambaya da sauƙi ake ce masa. Lokacin Inna haka anka yi ta ce masa da sauƙi, da sauƙi, har ya iso ya tarar an dawo daga maƙabarta. Saboda haka yana jin kalmar nan bai ƙara tambaya ba, ya bar wa yaronsa na shago makulli ya shiga mota. Duk rubutun da na yi bai kawo shi ba, sai da na yi shiru.

Da la'asar ce, ina kan tabarma ƙarƙashin bedi, maƙwabciyata na dama mini kunu. Na ji kabu-kabu ya tsaya a ƙofa, na ji sallama. Muryar da na sani. Ya shigo da jaka a kafaɗa, ya yi ƙiba kaɗan, ga furfura a gemu. Furfura, jama'a! Ya tsuguna can nesa ya ce, "Yaya, ina wuni? Ya jiki?"

Zuciyata kamar ta fito. Amma hannuna da kansa ya ja mayafi, wuyana da kansa ya juya. Na ce wa maƙwabciyata, "Ce mishi da sauƙi. A ba shi ruwa."

Ta ce, "Ta ce da sauƙi."

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

A ɗakin Inna ya sauka. Da safe ya gaishe ni daga nesa, ya fita. Ya zagaya katanga yana bubbuga ta da hannu, ya je gona, ya bi dangi gida-gida. Ni kuma na koma bakin murhu, na ƙi yarda kowa ya yi masa girki. Na yi masa tuwon hatsi da miyar kuka, na dama masa hura da nono mai tsami yadda Inna ke yi masa, in miƙa wa maƙwabciyata ta kai. In kwanon ya dawo in duba abin da ya rage. Mata na ta shigowa barka, suna cewa Madan an ji daɗi, babban baƙo. Ina amsawa. Amma ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba. Da yana Abijan ina da Juma'a. Yanzu ga shi taku kaɗan daga inda nake, ina jin tarinsa, ina jin zubar ruwan alwalarsa, ba ni da hanyar kai masa kalma ɗaya wadda ba ta ruwa da tuwo ba.

Ran Alhamis na ji yana ce wa maƙwabciyata, da ƙarfi yadda zan ji, "Na ga jikin da sauƙi da gaske. Hatsi ya shiga rumbu, katanga ta tsaya. Asabar in sha Allah zan koma." Wato ya zo, ya duba, ba abin da ya lalace. Na san in ya tafi a haka, sai dai wani shirun ya sake kawo shi, wataƙila na ƙarshe.

Ran Juma'a maƙwabciyata ta tafi suna a ruga tun safe. Shi ya tafi masallaci. Na shiga ɗaki na sa tabarau na ɗauki salula. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni ranar na fafe nawa. Ina gogewa ina sakewa, ga abin da na rubuta:

"Yau ba labarin ruwa, ba na kasuwa. Mai shafin ga tana da ɗa, na fari. Ba ta taɓa kiran sunanshi ba, kuma ba yau za ta fara ba. Katanga da gona da ƙofa duk tana iyawa da su, akwai magina a Buza tun ba a haife shi ba. Ba don su ta buɗe shafin ga ba. So take ta riƙa ganin shi. Tun ranar da anka kwance shi daga bayanta anka kai ma tsohuwa take son haka, ba ta faɗi ba don ba a faɗi. In damina ta gabato, ba tsohuwa kaɗai ke sauraren ƙofa ba."

Na san abin da nake yi. 'Yan bida duka za su karanta, daga Libiya har Kamaru, su kira matansu su ba su labari. Kafin kasuwa ta ci, duk Buza ta ji cewa tsohuwar madan ta zubar da kunya a gaban duniya. Ni da ake misali da ni. Na daɗe da salular a cinya har na ji shigowarsa. Ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bedi ya zauna.

Rezo kuma sai gindin rumbu. Dole na fito, na wuce ta gabansa ina kallon ƙasa, na tsaya na ɗaga hannu sama. Tsinannen rezon nan ranar ya ga damar yi mini yanga, abin yana ta juyawa ya ƙi tafiya. Hannuna ya gaji na canza ɗayan. Na san yana kallona, ya kuma san abin da nake yi, Juma'a ce. Da rubutun ya tafi na koma ɗaki da sauri kamar wadda ta yi sata, na saki labule na zauna bakin gado.

Na ji ya tashi. Na ji takunsa zuwa gindin rumbu. Sai shiru, shiru mai tsawo, har akuya ta yi kuka ta gaji. Na ce shi ke nan, na kunyata shi, na kunyata kaina.

Can sai takun ya nufo ɗakina. Ya tsuguna a bakin ƙofa, bayan labule. Ƙafafunsa kaɗai nake gani, dugadugan sun yi kaushi kamar na babansa.

Ya ce, "Yaya, na gani."



Ya gyara murya. Ya ce, "Ni duk shekarun ga na ɗauka nauyi nike miki. In na shigo sai ki ba ni baya. Na san al'ada ta, amma na ce ko al'ada tana da ɗan wurin da mutum ka leƙowa. Ban taɓa ganin kin leƙo ba. Sai na ce to Inna kaɗai ke son ganina."

Hawaye na zuba har kan tabarau. Na buɗe baki in yi masa magana kai tsaye, wallahi na yi niyya. Abin ya ƙi. Na juya wajen bango, inda ba kowa, na ce, "A gaya mishi ba haka na ba."

Ba mai isarwa a gidan, daga ni sai shi. Sai na ji ya ja hanci ya ce, "An gaya mishi."

Bai tashi ba, ni ma ban motsa ba. Muna nan, labule a tsakani, har anka kira la'asar. Sannan ya miƙe ya tafi masallaci.

Bai ɗaga tafiyarsa ba, yana da shago da iyali, ni ma ban ce ya ɗaga ba. Washegari da safe ya tsuguna a wurin nan ya yi sallama, na yi addu'ar hanya ina kallon bango. Uwa ba ta raka ɗan fari, ko zaure ban je ba. Na zauna ina jin kabu-kabun har ƙararsa ta ɓace, sannan na fito na naɗe tabarmarsa na kai ɗakin Inna.